Yadda Ake Zaɓar Malami a Shirin Musayar Malamai Tsakanin Ƙasashe, da Yadda Za Ka Shirya

Kafin malami ya tsaya gaban ɗalibai a wata ƙasa, takardunsa sun bi ta hannun mutane da dama waɗanda yawancinsu ba za su taɓa ganin fuskarsa ba. Akwai wanda ya duba ko ya cika sharuɗɗa, akwai kwamitin da ya karanta bayaninsa ya ba shi maki, akwai waɗanda suka yi masa tambayoyi baki da baki. Sannan can a ƙasar da za shi, wani jami'i ya ɗauki fayil ɗinsa ya ajiye kusa da buƙatar wata makaranta, ya ga sun dace. Duk waɗannan mutane abu uku suke nema: malamin da zai cike wani giɓi da ake da shi a can, wanda zai iya zama da baƙin ido ba tare da ya zame musu kaya ba, kuma wanda in ya koma gida amfanin tafiyar ba zai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Yawan takardun shaida yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya isa. In kana da niyyar nema, ga yadda abin yake tafiya da abin da ya rage gare ka a kowane mataki.

Mataki na farko: san irin shirin da kake nema

Sunan ɗaya ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa ya bambanta ƙwarai. Akwai musayar gurbi da gurbi, inda malamai biyu daga ƙasashe biyu kowa zai karɓi ajin ɗan'uwansa na zango ɗaya ko shekara guda, wani lokaci har da gidan zama, makarantar kowa kuma ta ci gaba da biyansa albashi. Irin wannan ya yi ƙaranci yanzu, domin da wuya a sami malamai biyu da darasinsu da matakin ajinsu da kalandar makarantunsu suka zo daidai.

Akwai na ƙaro ilimi, inda malami zai je ya yi bita a jami'a, ya riƙa shiga wata makaranta yana kallon yadda ake aiki, yana kuma sa hannu. Shirin Fulbright, wanda Amurka ta kafa a 1946 bisa ƙudurin Sanata J. William Fulbright, yana da reshe biyu na irin wannan: TEA mai mako shida, da DAI mai zangon karatu guda. Ma'aikatar ilimi ta Japan ma tana da nata na wata 18, ga malamin da bai kai shekara 35 ba kuma ya yi shekara biyar yana koyarwa, wata shidan farko na koyon Japananci ne.

Sai na mataimakin malamin harshe, wanda ya fi kowanne yawan gurabe. Na Birtaniya, wanda British Council ke gudanarwa, asalinsa tun 1905 ne. Na Faransa awa 12 ne a mako, daga Oktoba zuwa Afrilu. JET na Japan ya fara a 1987, da kwantiragin shekara ɗaya da ake iya sabuntawa har zuwa shekara biyar. FLTA na Fulbright kuwa, wanda ya fara a 1968, yana kai matasan malamai jami'o'in Amurka su koyar da harshensu na gado na shekarar karatu ɗaya, kuma Hausa tana cikin harsunan da ake nema, tare da Larabci da Yarbanci da Swahili.

Na ƙarshe shi ne aikin koyarwa sosai, da aji naka da albashi, kamar rukunin malamai na bizar J-1 (bizar masu zuwa shirin musaya) a Amurka, mai shekara uku da ake iya ƙara biyu a kai. A Turai kuma, ƙarƙashin Erasmus+, shirin musayar ilimi na Tarayyar Turai, makaranta ce ke neman tallafin ta tura malamanta, don haka a can ƙofar shiga ita ce ofishin shugaban makaranta.

Ka zaɓi ɗaya bisa shekarunka a aiki, da darasinka, da tsawon lokacin da iyalinka da makarantarka za su iya haƙuri da rashinka.

Mataki na biyu: karanta sharuɗɗa har ƙarshe

Tantancewar farko ba ta da tausayi, kuma ba a duba iya koyarwa a cikinta. Jami'i ne riƙe da jerin sharuɗɗa yana sa alama: ɗan ƙasa ne, yana zaune a ƙasar, yana da digiri, yana koyarwa a halin yanzu, shekarunsa a aji sun kai. Rukunin malamai na J-1, misali, yana neman digirin da ya yi daidai da digirin farko na Amurka da aƙalla shekara biyu na koyarwa cikakken lokaci. Wanda ya gaza sharaɗi ɗaya, ba wanda zai kai ga karanta bayaninsa mai daɗi. Sharuɗɗa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka sanarwar bana ta ofishin jakadanci ita ce abin dogaro, ba abin da wanda ya je bara ya gaya maka ba.

A nan ne kuma za ka tsare kanka daga 'yan damfara. Fulbright da JET ba sa karɓar kuɗin fom. Hukumomin da ke ɗaukar nauyin malamai a bizar J-1 suna cajin kuɗi, amma Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. In sunan ba ya cikin jerin, kada ka tura ko sisi.

Mataki na uku: rubuta bayanin kanka

Wannan shi ne inda malamai na gari suke faɗuwa, kuma abin yana da ciwo, domin gyaransa ba wuya. Mai karantawa yana da tarin fayiloli a gabansa, kusan kowanne yana cewa "ina son koyarwa tun ina yaro" da "ina so in ƙaro ilimi in taimaki al'ummata". Maganar gaskiya ce, amma ba ta bambanta ka da kowa.

Abin da ke tsayar da ido shi ne matsala takamaimai daga ajinka. Ka ce ɗalibanka na aji kaza suna iya haddace dokar nahawu amma ba sa iya rubuta sakin layi ɗaya da kansu. Ka faɗi abin da ka gwada, ko raba su rukuni-rukuni ne, ko sa su gyara rubutun juna. Ka faɗi abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Daga nan sai ka nuna abin da kake son gani a can wanda ya shafi wannan matsalar kai tsaye. Malamin da ya rubuta haka ya nuna yana lura da ɗalibansa, yana gwada dabaru, kuma ya san abin da zai je nema.

Kada ka tsaya kan abin da za ka samu. Musaya ce, su ma suna jiran abin da za ka kawo. In ka saba riƙe aji mai cunkoso ba tare da kayan aiki ba, ko koyar da yaran da harshen gidansu daban yake da na makaranta, wannan ƙwarewa ce da makarantu da yawa a ƙasashe masu arziki suke buƙata, musamman masu 'ya'yan baƙin haure. Ka rubuta ta da gaba gaɗi.

Sashen "me za ka yi in ka dawo" shi ne, a ganina, mafi nauyi a shirye-shiryen da gwamnati ke biya. Kada ka yi alkawarin gyara ilimin ƙasa baki ɗaya. Ka ce za ka shirya bita ga malaman sashenka a zangon farko, shugaban makaranta ya riga ya amince da ɗaki da lokaci, daga baya ka faɗaɗa zuwa makarantun da ke kusa. Ƙaramin shiri mai yiwuwa ya fi babban buri marar ƙafa.

Kuma ka rubuta da kanka. Ana iya duba maka kuskuren rubutu, amma in wani ya rubuta maka ko ka kwafo daga intanet, ranar ganawa za a ji muryar da ke takarda daban, ta bakinka daban. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma satar rubutu kaɗai tana isa a cire mutum.

Mataki na huɗu: wasiƙun shaida da izinin wurin aiki

Ka nemi wanda ya taɓa shiga ajinka ya ga kana koyarwa, ko da muƙaminsa bai kai na wani babba da bai san ka ba. Ka ba shi kwafin bayaninka da isasshen lokaci. Shirye-shiryen ƙaro ilimi sukan nemi takarda daga shugaban makaranta cewa za a ba ka hutu kuma gurbinka yana nan in ka dawo. Ka fara wannan magana da wuri, domin takardar hutu a ma'aikata ba ta sauri, kuma akwai waɗanda aka zaɓa suka rasa tafiya saboda ita.

Jarrabawar harshe ma tana nan. Ga Turanci, TOEFL da IELTS ne aka fi nema, kuma sakamakonsu shekara biyu yake aiki. Wasu shirye-shiryen su ke biya wa waɗanda suka tsallake zagayen farko, don haka ka bincika kafin ka kashe kuɗinka.

Mataki na biyar: ganawa da kwamiti

Yawanci mutum biyu zuwa huɗu ne: jami'in ofishin jakadanci, wani masanin ilimi, sau da yawa da wanda ya taɓa zuwa shirin ya dawo. Sun riga sun karanta takardunka, yanzu halinka suke dubawa. Za su iya cewa ka koyar da su wani abu cikin 'yan mintuna kamar su ne ɗalibanka, JET ta shahara da wannan. Kada ka yi lacca. Ka tambaye su, ka sa su maimaita, ka motsa, ka yi abin da kake yi a aji ranar da darasi ya yi maka daɗi.

Sannan tambayoyin "in da". In malamin da aka haɗa ku ba ya ba ka dama a aji, me za ka yi? In ɗalibi ya yi maka tambaya mai zafi game da ƙasarka ko addininka a gaban kowa fa? In aka kai ka ƙauye mai sanyi inda ba wanda ke jin harshenka? Ba wata amsa guda da aka ɓoye ake jira ka gano. Suna so su ga ko kana da haƙuri, ko kana tambaya kafin ka yanke hukunci, ko za ka iya bayyana ƙasarka ba tare da zagin ta ba kuma ba tare da ɓoye matsalolinta ba. Wanda ya ce shi ba abin da zai dame shi, ba a cika yarda da shi ba. Wanda ya ce "zai yi mini wuya, ga yadda na saba bi da irin wannan" ya fi kwantar musu da hankali.

Akwai tambayar da ba kullum ake furta ta ba amma tana cikin ɗakin: wannan mutumin zai dawo? Duk abin da ke nuna kana da aiki da nauyi da shiri a gida yana amsa ta.

Mataki na shida: jira, da bambancin "an tura sunanka" da "an zaɓe ka"

Tsallake ganawa ba shi ne ƙarshe ba. A Fulbright, ofishin jakadanci ko hukumar haɗin gwiwa ta Amurka da ƙasarka tana tura sunaye ne kawai. Daga nan a sake dubawa a Amurka, inda wata ƙungiya mai suna IREX ke kula da TEA da DAI, wata kuma mai suna IIE ke kula da FLTA, sannan amincewar ƙarshe ta fito daga wata hukuma mai mutum 12 da shugaban Amurka ke naɗawa. Ana kuma daidaita yawan maza da mata, da darussa, da yankuna, da malaman birni da na karkara. Shi ya sa malami mai ƙwazo yakan faɗa jerin masu jiran gurbi ba don ya gaza ba. Daga cike fom zuwa tashi yakan ɗauki kusan shekara. Kada ka ajiye aiki, kada ka sayar da komai, har sai takardar tabbaci ta shigo hannunka. In kana jerin masu jira, ka bar fasfonka a shirye, domin in wani ya janye kiran yakan zo ba zato.

Mataki na bakwai: haɗa malami da makaranta

Wannan mataki shi ne zai yanke yadda zamanka zai kasance, kuma shi ne wanda ba ka da hannu a ciki sai ta abin da ka riga ka rubuta. Makarantu da jami'o'in da ke karɓar baƙi su ma fom suke cikewa. Suna faɗin darasin da suke buƙata, da shekarun ɗalibai, da ko suna da masauki, da ko sai mai tuƙa mota, da wanda zai zama mai kula da baƙon. Jami'in haɗawa sai ya ajiye buƙatun nan kusa da fayilolin malamai.

Abin da ake fara dubawa darasi ne da matakin aji, sai ƙarfin harshe. Bayan su lafiya: mai ciwon da ke buƙatar ganin likita akai-akai ba za a kai shi nesa da babban asibiti ba, in dai ya faɗa. Sai iyali, domin wasu shirye-shiryen ba sa yarda a tafi da kowa, wasu kuma suna yarda amma a kan kuɗinka. Zaɓin wuri shi ne na ƙarshe. JET tana ba ka dama ka ambaci wurare uku, shirin Faransa ma yana barin ka jera yankunan da ka fi so, amma ba alkawari ba ne. A JET, hukumar CLAIR ce ke rarraba mutane ga hukumomin ilimi na jihohi da garuruwa, kuma in an ba ka wuri ba a canzawa, wanda ya ƙi ya fita daga shirin ke nan. A FLTA jami'o'i ne ke duba fayilolin da IIE ta aika musu su nuna wanda suke so. A TEA rukuni-rukuni ake tura malamai jami'o'i, can kuma a haɗa kowa da malamin wata makaranta mai koyar da irin darasinsa.

To, me ya rage gare ka? Gaskiya dalla-dalla a fom. In ba ka iya tuƙi ba, ka ce ba ka iya ba. In akwai abin da ba ka ci, ko kana buƙatar wurin ibada kusa, ko ba ka iya zama gida ɗaya da dabbobi, ka rubuta. Malamai da yawa suna ɓoye irin waɗannan don tsoron kada a cire su, alhali wannan sashen an yi shi ne don a sama musu wurin da za su iya rayuwa. In kana da dalili mai ƙarfi na son wani wuri, ka faɗi dalilin, domin dalilin aiki ko na lafiya ya fi "ina son babban birni" nauyi. Kuma kada ka raina ƙaramin gari. A can ne aka fi sanin baƙo, aka fi gayyatarsa, kuma haya ta fi sauƙi.

Mataki na takwas: kwantiragi, biza da lafiya

Ka karanta kwantiragi da biro a hannu. Awa nawa a mako, wa ke biyan tikiti, wa ke biyan haya, alawus ɗin kafin haraji ne ko bayansa, inshorar lafiya me ta rufe me ta bari, kuma me zai faru in ka bar shirin kafin lokaci. Ka tambayi ranar da kuɗin farko zai shigo, domin sau da yawa sai ƙarshen watan farko, ka ga dole ka riƙe guzuri.

Mai zuwa Amurka zai karɓi takardar DS-2019 daga masu ɗaukar nauyinsa, da ita ake neman bizar J-1. In gwamnati ce ta biya tafiyar, akwai dokar da ta wajabta komawa gida na shekara biyu kafin mutum ya cancanci wasu bizojin aiki ko takardar zama ta dindindin. Ka san da wannan tun kafin ka sa hannu. Gwajin likita, katin rigakafi, da takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi kusan ko'ina ana nema, tun da aiki ne da yara.

Mataki na tara: bita kafin tashi da bayan sauka

Bitar tana zuwa hawa-hawa. Ta farko a gida, a ofishin jakadanci ko ta intanet, inda waɗanda suka je suka dawo ke ba da labari. Ta biyu bayan sauka: 'yan JET a Tokyo suke fara yin kwanaki kafin a rarraba su, 'yan FLTA kuma suna yin tasu kafin a buɗe zangon karatu. Ta uku a makarantar kanta.

Abin da ya fi cancantar ka buɗe kunne a kai shi ne dokokin kare yara. A makarantu da yawa haramun ne malami ya keɓe da ɗalibi a rufaffen ɗaki, ko ya ɗauki hotonsa ba izini, ko ya yi hira da shi a shafukan sada zumunta, dukan ɗalibi kuwa laifi ne da ke iya kai mutum kotu. Malami mai kyakkyawar niyya yana iya rasa gurbinsa kan abin da bai ɗauka komai ba. Sai yadda ɗalibai ke mu'amala da malami: a wani wuri musu da malami alamar ƙwazo ce, a wani wuri shiru ne ladabi, kuma kowanne yana rikita wanda bai saba ba. Za a kuma yi maka bayanin kewar gida, wadda takan zo bayan ɗokin makonnin farko ya lafa. In ta zo, ka gaya wa mai kula da kai, aikinsa ke nan.

Naka shirin kuma, da zarar ka san makarantar, ka rubuta wa malamin da aka haɗa ku. Ka nemi manhaja da jadawali da yawan ɗalibai da irin tufafin da malamai ke sawa. Ka shirya darasin gabatar da kanka da ƙasarka a siga biyu, gajere da dogo, da hotunan makarantarka waɗanda aka ba ka izinin nunawa, domin za a sa ka maimaita shi sau da yawa. A rukunin malamai na J-1 ma wajibi ne kowace shekara ka shirya wani aiki na gabatar da al'adun ƙasarka, da wani na haɗa ɗalibanka na can da ɗaliban wata ƙasa, an fi son na gida. Kafin ka tashi, ka miƙa ajinka ga wanda zai riƙe maka da cikakken bayani na inda kuka tsaya.

Mataki na goma: shirya dawowa tun kana can

Ka riƙa rubuta abin da ka gani kowane mako, kana ware abin da zai yiwu a ajinka na gida daga abin da sai da kayan da ba ku da su. Ka karɓi takardar shaidar kammalawa da wasiƙa daga mai kula da kai kafin ka bar garin, domin nemansu daga nesa wahala ne. In ka sauka, ka kai rahoto ga shugaban makaranta, ka sa ranar bitar da ka yi alkawari a cikin zangon farko kafin aiki ya taso ya rufe ka, ka kuma yi rajista da ƙungiyar tsofaffin 'yan shirin, domin ta nan ake sanar da ƙananan tallafin da wasu shirye-shiryen ke bayarwa don aiwatar da irin wannan bita.